Sharhi: Tallar Haja ta Imel, Izini Kafin Manhaja

 Sharhinmu na yau ya shafi 'yan kasuwar da ke son tallata hajarsu ta imel, da tambayar da ba ta barin bakinsu: wace manhaja ce ta fi?

Wani zai ce, mu da cinikinmu ke tafiya a WhatsApp, ina ruwanmu da imel? Da gaskiyarsa. Mai rumfar atamfa a Kantin Kwari zai iya shekara bai buɗe imel ba, kuma kasuwa ta yi masa kyau. Amma wanda ke fitar da riɗi zuwa Japan ko Turkiyya, ko zoɓorodo zuwa Meziko, da mai otal, da mai makarantar kuɗi, da mai jigilar masu zuwa Umara, duk suna hulɗa da mutanen da ba su ɗaukar magana da muhimmanci sai sun gan ta a imel. Da su muke.

Tallar haja ta imel ta daɗe. A watan Mayun 1978 wani ma'aikacin kamfanin kwamfuta na Digital Equipment Corporation a Amurka, mai suna Gary Thuerk, ya aika tallar sababbin na'urori ga mutum wajen 400 a lokaci guda, ta hanyar sadarwar ARPANET, wadda daga baya ta haifi intanet. Babu wanda ya nemi saƙon a cikinsu. Ƙorafi ya yi yawa, har masu kula da hanyar suka ja wa kamfanin kunne. Shekara sama da 40 ke nan, amma laifin da ya yi shi ne dai wanda 'yan kasuwa ke maimaitawa yau: faɗa wa mutum gida babu sallama.

Shi ya sa a ganina batun manhaja na biyu ne. Na farko shi ne jerin mutanen da suka ba ka adireshinsu da hannunsu, suka ce ka riƙa aiko musu. Akwai masu yawo suna tallar adireshin imel dubu-dubai a kan kuɗi kaɗan. Kada ka saya. Da yawa daga cikin adiresoshin sun mutu, wasu kuma tarko ne da aka ajiye musamman don kama masu aika saƙon da ba a nema ba. Kamfanonin manhajar su kansu sun haramta amfani da jerin da aka sayo, kuma idan saƙonninka suka yi ta dawowa, rufe maka asusu za su yi, ko da ka biya kuɗin wata. Mutum 300 da suka san ka sun fi maka dubu 30 da ba su taɓa jin sunanka ba.

Lamarin ya ƙara tsanani tun watan Fabrairun 2024, lokacin da Gmail da Yahoo suka gindaya sababbin sharuɗɗa. Duk mai aika saƙo sama da 5,000 a rana zuwa Gmail dole ne ya tabbatar da cewa daga gare shi saƙon ya fito, ta wasu shaidu uku da ake kira SPF da DKIM da DMARC. Kada sunayen su firgita ku. 'Yan layuka ne da ake sakawa a bayanan adireshin kamfaninka na intanet, domin kada wani ya yi sojan gona da sunanka. Dole kuma a sa wurin da mutum zai taɓa sau ɗaya ya cire kansa, a kuma cire shi cikin kwana biyu. Sai babban sharaɗin: masu kai ƙarar saƙonka a matsayin tarkace kada su kai uku cikin dubu. Uku kacal. Da zarar ka kai nan, saƙonka zai fara zarcewa akwatin shara, har na waɗanda ke jiran sa. Ko ba ka kai 5,000 ba, da irin wannan ma'aunin ake kallon ka.

Sai doka. Najeriya ta samu dokar kare bayanan jama'a a watan Yunin 2023, wadda ta kafa hukumar NDPC, kuma ta ba kowa 'yancin cewa a daina amfani da bayanansa wajen yi masa talla. Idan abokin cinikinka yana Tarayyar Turai, dokar GDPR da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta hau kanka, kuma tararta na iya kaiwa yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin kamfani a shekara. Amurka ma tana da tata tun 2003, wadda ta wajabta sa adireshin ofis na zahiri a cikin kowane saƙon talla. Wanda ya tuna yadda saƙonnin talla suka addabi wayoyinmu har hukumar NCC ta fito da lambar 2442 don toshe su, ya san abin da ake gudu.

To, mu koma ga manhajar. Gmail na yau da kullum ba zai yi wannan aikin ba, don ba ya wuce saƙo 500 a rana, kuma mai jera adiresoshin mutane a layi ɗaya ya tona asirin kowa ga kowa. Cikin sanannun akwai Mailchimp, da aka kafa a Atlanta a 2001, wadda kamfanin Intuit ya saya a 2021 kan dala wajen biliyan 12. Akwai Brevo ta birnin Paris, wadda ake kira Sendinblue har zuwa 2023. Akwai MailerLite da ta taso daga Lituweniya. Dukkansu suna aika saƙo yadda ya kamata. Inda suka sha bamban shi ne lissafin kuɗi. Mailchimp da MailerLite suna duba yawan mutanen da ke jerinka, ita kuwa Brevo an fi sanin ta da duba yawan saƙon da ka aika. Saboda haka mai jama'a da yawa da ke aika saƙo sau ɗaya a wata, lissafinsa daban da na mai jama'a kaɗan da ke aikawa kowane mako. A lura kuma, Mailchimp na ƙirga har waɗanda suka cire kansu, muddin ba ka kwashe su daga jerin ba.

Kuma da kuɗin waje ake biya. Wanda ya yi kasafinsa a farkon 2023, dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, ya wayi gari a 2024 ta haura 1,500. Don haka kada ka tsaya ga tsarin kyauta da suke jawo mutane da shi. Tambayi nawa za ka biya ranar da jerinka ya ninka sau biyar.

Idan da Hausa za ka rubuta, fara aika wa kanka, ka buɗe a waya, ka ga ko haruffa masu ƙugiya sun fito daidai, musamman a kanun saƙo. A rage hotuna masu nauyi, domin da datarsa mai karatu ke buɗewa, kuma Gmail na datse saƙon da rubutunsa ya haura kilobait 102.

Akwai wata lamba da manhajojin nan ke son nuna maka, ta yawan waɗanda suka buɗe saƙo. Kada ta ruɗe ka. Tun watan Satumban 2021 manhajar imel ta wayoyin Apple ke iya buɗe hotunan saƙo da kanta ko mai wayar bai duba ba, sai a rubuta maka cewa an karanta. Ƙirga waɗanda suka taɓa mahaɗin da ka sa, da waɗanda suka ba da amsa, da waɗanda suka saya. Wanda ya yi wata shida ko motsi bai yi ba, aika masa saƙo ɗaya ka tambaye shi ko yana so a ci gaba. Idan ya yi shiru, cire shi, ka huta da biyan kuɗinsa.

Kafin ka sa ko sisi a kowace manhaja, gwada sauke jerin mutanenka daga cikinta zuwa kwamfutarka, tare da ranar da kowannensu ya ba da izini. Idan abin ya yiwu cikin sauƙi, ka riƙa yin hakan kowane ƙarshen wata. Idan ta ƙi, nemi wata.