Ƙaramar Mota Da Hidimar Gida: Ki San Iyakarta Kafin Ki Ce A Saya

 A wannan wata za mu ɗan fita daga madafi mu leƙa bakin ƙofa inda ake ajiye mota, domin kuwa a yau mota ta shiga cikin kayan aikin uwargida, ita ce ta kai yara makaranta, ita ce ta kasuwa da asibiti da gaisuwar mutuwa. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, gidaje da dama sun jingine manyan motoci, sun koma ga ƙananan nan masu datsattsen baya, irin su Golf da Yaris da Jazz da Micra da Peugeot 206. Abin da mata suka fi tambaya shi ne, anya wannan 'yar mota za ta ɗauke hidimar gida mai yara huɗu ko biyar? Amsata ita ce za ta ɗauka ƙwarai, muddin an san iyakarta, kuma an tsaya a kai.

Da farko mu fahimci yadda aka ƙera ta. A motar salun, but akwati ne rufaffe mai ƙaramin baki. A irin waɗannan kuwa, but ɗin a haɗe yake da cikin mota, murfinsa na ɗagawa sama tare da gilashin baya, kuma kujerar baya tana kwanciya. Saboda haka abin da salun za ta ƙi karɓa saboda ƙunci na baki, kamar keken ɗinki da teburinsa, ko keken guragu na tsohuwa, ko babbar tukunyar biki, wannan za ta haɗiye shi ba gardama. Faɗin bakinta shi ne babbar falalarta.

Masu ƙera motoci da lita suke auna but. Golf 3 da Golf 4 kowace tana da lita 330, wato kimanin ruwan jarka 13 mai cin lita 25. Peugeot 206, wadda ta fito a 1998, lita 245 ce kawai. Yaris ta farko, ta 1999, but ɗinta ƙarami ne, amma kujerar bayanta tana zamewa gaba da baya, ranar kasuwa ki turo ta gaba ki ƙara wurin kaya, ranar ɗaukar manya ki mayar da ita baya su miƙe ƙafa. Ita kuwa Honda Jazz, wadda aka fara sayarwa a Japan a 2001 da sunan Fit, an ɗauke tankin manta an mayar ƙarƙashin kujerun gaba, shi ya sa mazaunin kujerar baya ke ɗagawa sama, a samu fili tun daga ƙasa har rufi, inda doguwar fanka za ta tsaya a miƙe.

To amma lissafin takarda daban, kayan gidanki daban. In maigida zai je ganin mota, ki roƙe shi ku tafi tare, ko ki ba shi babbar kular abincinki ya gwada ta a but, a ga ko murfi zai rufu. A zauna a kujerar baya bayan direba ya gyara tasa daidai tsawonsa, a ga ko gwiwa tana dukan kujera. A duba ƙofofi, domin da yawa daga cikin motocin nan akwai masu ƙofa biyu, waɗanda sai an kwantar da kujerar gaba kafin a shiga baya. Sun fi araha, amma ki tuna da Hajiya surukarki mai ciwon gwiwa, ki tuna da kanki ranar da kike da tsohon ciki ko goyo. Gidan iyali mai ƙofa huɗu yake so. A kuma ɗaga shimfiɗar but a tabbatar akwai safaya da jak, tare da sanin cewa duk ranar da taya ta yi faci sai an sauke kaya kaf kafin a kai gare su.

Sai batun nauyi, wanda mutanenmu ba su cika kula da shi ba. Abin da irin waɗannan motoci ke iya ɗauka, mutane da kaya gaba ɗaya, galibi bai wuce kilo 400 zuwa 500 ba. Manya biyar masu kilo saba'in-saba'in sun cinye 350 ke nan, saura wurin buhun shinkafa ɗaya zuwa uku mai kilo 50. In aka ɗora buhun masara a kai, bayan mota zai zauna, cikinta ya riƙa gugar tudun hanya, taya ta yi zafi, birki kuma ya daɗe bai tsayar da ita ba. Kuɗin da aka yi tattali a gidan mai, sai a kai wa makanike. Mai nauyi a shimfiɗe shi ƙasa, a jingine da bayan kujera, kuma kada kaya su wuce tsayin kujerar, domin babu bango tsakaninsu da kawunan yara. In aka taka birki da ƙarfi, gwangwanin madara ma makami ne. Tukunyar gas a tsaye ake ɗaukar ta, a ɗaure, gilasai a sauke, a wuce gida kai tsaye. Jarkar fetur ɗin janareto kuwa, iskar da ke but ita ce wadda yara ke shaƙa, don haka kada a haɗa su tafiya ɗaya.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. A matsayina na malamar Islamiyya, ina gani lokacin tashi yadda ake buɗe murfin baya a zuba yara uku ko huɗu a but, suna dariya suna leƙe ta gilashi, uwa kuma na ganin ta taimaki maƙwabta. Niyyar tana da kyau, amma aikin ganganci ne. Tsakanin yaron nan da motar da ke bin ku a baya babu komai sai ƙarfe ɗaya da gilashi, kuma nan ne wurin da ke fara lotsewa in an buge ku. Adadin bel ɗin da ke cikin mota shi ne adadin mutanen da aka yi ta domin su, a nan biyar ne har da direba. Gara ki yi sawu biyu, ko ku raba ɗaukar da wata maƙwabciya, da ki je ki tsaya gaban uwar wani kina neman abin faɗa. 'Ya'ya amana ne, na mutane kuma amana biyu.

Haka nan hukumar kiyaye haɗurra tana gargaɗin kada a zaunar da yaron da bai kai shekara 12 ba a gaba, balle a rungume jariri a cinya kusa da jakar iska, wadda ke fashewa da ƙarfin da jikin yaro ba zai ɗauka ba. A gefen kowace ƙofar baya akwai ɗan maɓalli da ke hana buɗe ta daga ciki, ki ce a nuna miki. Kada ki bar yaro a rufaffiyar mota ko da gishiri za ki saya, zafin watan Afrilu ba ya jira. Ke kuma mai tuƙi, ki tattare hijabinki kada ya sauka kan birki ko ƙofa ta datse shi, ki gyara shi yadda ba zai tare miki ganin gefe ba.

A ƙarshe 'yar uwa, kada ƙanƙantarta ta sa ki jin kunya a gidan biki don wance ta zo da jif. Hausawa sun ce daidai ruwa daidai tsaki. Motar da za ta shiga lungun gidanku, ta juya a cunkoson kasuwa, ta bar wa maigida rarar kuɗin makaranta, ita ce ta san darajar gidanki. In iyali sun yi yawa har ta kasa, a nemi babba saboda buƙata, amma kada a matsa wa miji cin bashi saboda idon mutane. Ki koya wa yara addu'ar hawa abin hawa da ke cikin Suratuz Zukhruf, su karanta sannan kowa ya ɗaura bel, domin tawakkali tare yake tafiya da riƙon sababi.

Allah ya tsare mana zuri'a, ya kiyaye hanya, ya sa albarka a abin da ya hore mana. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.