A bar ɗalibi ya yi barci, sannan a kai shi gun magina

A makon da ya shige ɗan yayana ya sauka daga kar, ya dawo daga Lome inda yake koyon tsara gine-gine a makarantar EAMAU, wadda ta fara aiki a 1976 domin ɗiyan ƙasashen Afirka, har da namu na Nijar. Da ƙyar na gane shi. Idanu sun faɗa, wuya ya yi tsawo, yatsu duk tabon reza. Bai gama shan ruwan maraba ba sai ga kawunsa da takarda a hannu, wai a zana masa gida mai ɗaki shida kafin Juma'a.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. A wurinmu, in ba a ga mutum da hauya ko kaya a ka ba, ba a yarda ya gaji. Yaro yana zaune yana jan layi bisa takarda, ina wahala? To, wahala tana nan. Ɗaliban nan suna da wata kalma da ni tafinta ta ba ni dariya ranar da na fara jin ta: sharet, ita dai kalmar da muke kiran keken jaki da ita. Ana ba da labari cewa a makarantar zane ta Paris, a zamanin da, keke ne ke zagayawa yana karɓar ayyukan ɗalibai, wanda bai ƙare nasa ba sai ya haye keken yana ƙarasawa. Yau sharet na nufin dararen da ɗalibi ke kwana a farke kafin ranar miƙa aiki, yana zane, yana yankan kwali domin haɗa ɗan ƙaramin samfurin gini, ba ci sai burodi da kafe. Gari na wayewa kuma ya tsaya gaban malamai su tsefe aikin nasa ɗalla-ɗalla, wani lokaci su ce a sake daga tushe. Wanda ya yi wata huɗu a haka, jiki na bin sa bashi.

Saboda haka nake roƙon iyaye su ba shi makon farko cur. Ya yi barci har rana ta take, kada a kira shi malalaci. A rufe kwamfuta, a sa ta ƙasan akwati. A dama masa fura, a yi masa tuwo da miyar kuka. Batun zanen kawu kuwa, ban da zalunci akwai haɗari a ciki: ɗalibin shekara ta biyu bai kai ya yanke yawan ƙarfen da zai riƙe dakali na sama ba, kuma kunya ba za ta bar shi ya ce wa babba a'a ba. In rufi ya tsage bayan damina biyu, sunan wa za a kira?

Amma kada a ɗauka ina cewa ya ƙare hutunsa bisa katifa. Bayan barci ya saki ido, akwai wani hutu da ya fi dacewa da mai wannan sana'a, wato ya fita ya kalli gini ba domin maki ba. Ya bi lungunan Birni a Damagaram da hantsi, ya dubi zankwaye da adon da ke goshin zauruka. Ya shiga soro da tsakar rana ya ji yadda kaurin bango ke tsare zafi a waje, abin da ɗakin siminti mai rufin kwano ba ya iyawa. Ya zauna gun magina yana miƙa tubali, ya tambayi dalilin da ya sa ake rufi da azarar giginya, wadda gara ba ta cika ci ba, da yadda ake sarrafa makuba daga kwasfar ɗorawa domin yaɓe ya jure ruwa, da yadda ake ɗaure bakan gizo har ya ɗauki rufi ba ginshiƙi a tsakiya. Nan ba mai ba shi sifiri. Hannu na cikin laka, kai na hutawa.

Wani zai ce wannan koma baya ne ga mai neman babban diplom. Sai in tuna masa da Falke Barmu, magini daga ƙasar Tawa, wanda ya soma masallacin Yama da laka a 1962, aikin da ya samu kyautar Aga Khan ta gine-gine a 1986. In tuna masa da tsohon garin Agadas da hasumiyarsa mai mita 27, wanda UNESCO ta sa cikin kayan gadon duniya a 2013. A Dandaji ma, Mariam Issoufou da abokiyar aikinta Yasaman Esmaili sun mai da tsohon masallaci ɗakin karatu, suka gina sabo kusa da shi da bulon ƙasa, aka kammala a 2018. Masu diplom ne, kuma da magina na gari suka yi aikin.

Ni dai na amshe takardar daga hannun kawu, na ce masa ya nemi ƙwararre ya biya shi. Ya yi fushi, har yau gaisuwarmu gajera ce. Yaron kuwa ya yi kwana shida yana barci. A na bakwai na same shi a bayan gida, wando a naɗe, yana taka laka tare da wani tsoho mai gyaran katanga.