Salula a zauren malam

A Matankari, kamar sauran garuruwan Arewa, yara da yawa suna da makaranta biyu: lakwal da rana, makarantar allo da asuba ko da dare. Yanzu wata baƙuwa ta shigo zauren malam, ita ce salula. A cikinta akwai Alƙur'ani duka, izu 60. Waɗansu iyaye sun ce a kore ta. Waɗansu kuwa sun ce ta isa, malam ya huta. Dukansu sun yi gaggawa.

Karatu cikin na'ura ba sabon abu ba ne. Tun 1961 aka ɗauki muryar Shaihu Mahmud Husari na Masar yana karanta Alƙur'ani har ƙarshe. A Nijar ma an fara koyarwa da talabijin a 1964, cikin faransanci. Ko a lokacin, kowane aji yana da mai kula da yara kusa da akwatin.

Salula tana da amfani. Malam ɗaya ba ya iya maimaita ma kowane almajiri aya sau 20. Ita kuwa ba ta gajiya, ba ta tsawa. Ran Alhamis da Juma'a, da babu karatu, yarinya tana iya saurare tana tsince wake.

Amma akwai inda ake tuntuɓe. Makarantun allo na ƙasar Hausa sun gaji ruwayar Warshu. Yawancin karatun da ke cikin salula kuwa na Hafsu ne. Dukansu ingantattu ne, sai dai lafazin waɗansu kalmomi ya bambanta. Rubutun ma haka. A allo, harafin fa yana da ɗigo a ƙasa, ƙaf yana da ɗigo ɗaya a sama. A salula, fa ce mai ɗigo ɗaya a sama, ƙaf yana da biyu. Yaron da ya biya allonsa da Warshu, ya kwana yana jin Hafsu, gobe sai ya gauraya su. Salula ba ta jin kuskurensa, balle ta gyara.

Don haka malam ya kamata ya zaɓi abin da za a saurara. Husari ya yi karatun Warshu ma. A sa shi cikin kati, ba sai da intanet ba. Yaro ya ji inda malam ya biya masa kaɗai, kada ya wuce. Ba zai wanke allo ba sai malam ya ji haddarsa da kunnensa.