Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne: a kan jirgin da ya juyo bayan tashi

Ranar 20 ga Fabrairu, 2021, jirgin kamfanin United Airlines mai lamba 328, ƙirar Boeing 777, ya tashi daga birnin Denver na Amurka zai tafi Honolulu da mutum 239. Kamar minti huɗu da tashinsa, ɗaya daga cikin fukafukan fankar injin dama ya karye, injin ya kama da wuta, murfinsa ya tarwatse ya zuba a unguwannin garin Broomfield. Wani fasinja ya ɗauki bidiyon injin yana ci da wuta yana girgiza, kafin dare duniya ta gani. Matuƙan suka juya, suka sauka a Denver da injin guda cikin ƙasa da rabin awa. Babu wanda ya ƙwarzane, a sama ko a ƙasa.

Kanun labarai a ranar sun ce an tsallake rijiya da baya. Ban ƙi ba, amma wannan furuci yana sa mai karatu ya ɗauka sa'a ce kawai ta yi aiki. Gaskiyar ita ce, duk jirgin fasinja mai inji biyu ba a ba shi izinin ɗaukar mutane sai an tabbatar zai iya ƙarasa tashi da inji ɗaya. Ƙa'idar ta kai ga ƙididdiga: idan inji ya mutu a lokacin tashi, dole jirgin ya iya hawa aƙalla mita 24 a cikin kowace mita 1,000 da ya tafi gaba. Kafin kowace tafiya ana lissafa nauyin jirgin, da tsawon titinsa, da zafin ranar, a kan zaton cewa injin zai mutu a mafi munin lokaci. Shi ya sa a rana mai zafi wani lokaci ake rage kaya, fasinja yana ta fushi bai san dalili ba.

Daga wannan lissafi ake fitar da wani mizanin gudu da matuƙa ke kira V1. Muddin jirgi bai kai shi ba, idan inji ya lalace, sai a taka burki a tsaya. Da zarar ya wuce shi, ragowar titin ba zai isa tsayawa ba, don haka tashi ya zama tilas ko da inji yana ci da wuta. Hankalin ɗan Adam ba ya saurin karɓar wannan, domin ɗabi'armu ita ce mu tsaya idan abu ya lalace. Horon da matuƙa ke maimaitawa a na'urar kwaikwayon tuƙi, galibi duk wata shida, babban aikinsa shi ne danne wannan ɗabi'a.

Abin da ke biyo baya ya fi ba ni sha'awa. Jirgin da ya rasa inji guda yana karkata zuwa ɓangaren da ya mutu, sai matuƙi ya taka ƙafa ya miƙar da shi, ya naɗe tayoyi, ya ci gaba da hawa. A yawancin kamfanoni ba a taɓa makunnin injin da ya lalace sai an kai tsayin ƙafa 400. Sannan matuƙan biyu su tabbatar wa juna da baki wane inji ne, kafin ɗaya ya kai hannu. Fasinjan da ke kallon wuta ta taga zai ga kamar ana wasa da ransa. Amma wannan jinkiri da jini aka saye shi.

A ranar 8 ga Janairu, 1989, jirgin British Midland ƙirar Boeing 737 ya tashi daga Landan zuwa Belfast. Yana cikin hawa fankar injin hagu ta karye. Matuƙan suka yi sauri, suka kashe na dama, wato mai lafiya. Girgizar ta lafa, suka ɗauka sun yi daidai, suka nufi filin jirgin East Midlands. Dab da sauka injin hagun ya mutu gaba ɗaya, jirgin ya faɗi a gefen babbar hanyar M1 kusa da ƙauyen Kegworth, mutum 47 suka rasu. Abin takaicin, akwai fasinjoji da ma'aikatan cikin jirgi da suka ga wuta a injin hagu, kuma an ji kyaftin yana sanar da cewa matsalar a dama take, amma labarin bai isa gare shi ba, kowa ya ɗauka na gaba ya fi shi sani. Mu da aka raina a kan kada a gyara wa babba magana a gaban jama'a, ya kamata mu tsaya a wannan wuri mu yi nazari. Bayan shekara 26, a Fabrairun 2015, kuskuren ya maimaita kansa a birnin Taipei: jirgin TransAsia ya rasa inji guda jim kaɗan da tashi, aka rage wa mai lafiyan wuta har aka kashe shi, mutum 43 suka mutu.

Idan an shawo kan jirgi, saura tambayar ina za a sauka. Ga jirgi mai inji biyu amsar a rubuce take: filin da ya fi kusa kuma ya dace. Kalmar "dace" ce ke ɗauke da nauyin, domin ta haɗa da tsawon titi, da yanayin sama, da motocin kashe gobara. Akwai kuma batun nauyi. Jirgin da ya sha mai don doguwar tafiya ya fi ƙarfin nauyin da aka ƙayyade masa na sauka. Manya irin 777 suna iya zubar da mai a sama. Ƙanana irin 737 da A320 ba su da wannan hanya, sai dai su yi ta kewaye su ƙona shi, ko su sauka da nauyinsu daga baya injiniyoyi su duba. To idan ka ga jirgi yana shawagi rabin awa a kan gari bayan an ce inji ya lalace, ba ɓata ya yi ba.

Inda nake da magana shi ne yadda muke ɗaukar wannan juyowa. Mu 'yan jarida mun mai da ita abin kunya ga kamfani, fasinjoji su sauko suna zagi, a yi ta yaɗa sunan kamfanin a Facebook kamar ya aikata laifi. Juyowa kuwa tana da tsada tun ba a ƙara mata da tozarci ba: man da aka zubar, da masaukin fasinjoji, da jirgin da zai kwana a ƙasa. Duk wani ƙarin hukunci da muka ɗora mata, muna ƙara wa ɗaya ɓangaren sikelin nauyi ne, wato ɓangaren "mu lallaɓa mu ƙarasa".

Wannan lallaɓawa ba tatsuniya ba ce. A Fabrairun 2005 wani jirgin British Airways ƙirar 747 ya rasa inji ɗaya cikin huɗu yana tashi daga Los Angeles. Bayan tuntuɓar ofishinsu, matuƙan suka ci gaba, suka tsallaka Tekun Atlantika da inji uku, mai ya yi musu ƙaranci suka sauka a Manchester maimakon Landan. Hukumar jiragen sama ta Amurka ta ce bai kamata ba, ta Birtaniya ta ce ba a karya doka ba. Kwana uku kafin nan dokar Tarayyar Turai ta biyan fasinjoji diyyar jinkiri ta fara aiki, kuma kamfanin ya musanta cewa ita ta sa. Ina iya yarda da su, domin mai inji huɗu yana da sararin da mai biyu ba shi da shi. Amma tunda har tambayar ta taso, ta nuna inda gizo ke saƙa.

Namu misalin ya fi ɗaci. Ranar 3 ga Yuni, 2012, jirgin Dana Air ƙirar MD-83 ya tashi daga Abuja zuwa Legas. Rahoton hukumar binciken haɗurran jiragen sama ta Nijeriya ya nuna cewa injin farko ya daina ba da ƙarfi minti 17 da tashi. Matuƙan ba su bi matakan da aka rubuta don irin wannan hali ba, ba su kuma nufi filin da ya fi kusa ba. Suka ci gaba. Suna gab da Legas na biyun ma ya gaza, jirgin ya faɗa kan gidaje a Iju-Ishaga, duk mutum 153 da ke ciki suka rasu, har da wasu a ƙasa. Da sun juya Abuja, da abin da za a samu washegari shi ne fasinjoji masu fushi da labari mai zafi a shafin farko.

Wani zai ce, to sai mu riƙa yi wa kamfani tafi don injinsa ya lalace? A'a. Akwai bambanci tsakanin hukuncin da matuƙi ya yanke da kulawar da aka yi wa injin kafin ya hau. Na farko a yaba masa, na biyu a tsananta bincike a kansa, musamman idan kamfani ɗaya ne jiragensa ke ta juyowa. Tambayoyin da suka cancanci ɗan jarida su ne: yaushe aka duba wannan inji, wa ya duba, me ya gani, kuma hukuma za ta fitar da rahoto ko za a binne?

Haka aka yi da jirgin Denver. Ba a tsaya ga yabon matuƙan ba. Masu bincike sun gano cewa ƙarfen fankar ya daɗe da fara tsagewa daga ciki saboda gajiya, kuma an taɓa duba shi a baya aka ga alama, ba a bi diddiginta ba. Aka dakatar da jiragen 777 masu irin wannan inji na Pratt & Whitney, na United ba su koma ɗaukar fasinja ba sai a 2022, bayan an tsananta yadda ake duba fukafukan fankar an kuma ƙarfafa murfin injin.