Mai Shara A Ofishin Jakadanci, Mai Hoto A Benis

A wannan mako zan ɗan ja mai karatu nesa da gida, zuwa Latbiya, wata 'yar ƙaramar ƙasa a gaɓar tekun Baltik wadda jama'arta ba su kai miliyan biyu ba. Dalilina wata mata ce mai suna Inta Ruka, wadda na shafe kwanaki ina duba hotunanta har na rasa abin da ya hana ni kau da ido.

An haife ta a birnin Riga a 1958, lokacin ƙasar tana ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet. Ɗinki ta koya, ba ta shiga wata jami'ar zane-zane ba. Sana'ar hoto a ƙungiyoyin masu sha'awa ta tsince ta, musamman a hannun Egons Spuris, gwanin da daga baya ya zama mijinta, ya kuma rasu a 1990. Wani abin da ke ba mutane mamaki shi ne ta daɗe tana aikin shara da goge-goge a ofishin jakadancin Suwidin da ke Riga, alhali a 1999 hotunanta suna cikin waɗanda suka wakilci ƙasarta a babban baje-kolin fasaha na birnin Benis. Wata 'yar Suwidin, Maud Nycander, ta shirya fim a kanta a 2009. Masu rubutu suna son wannan labari na mai tsintsiya da ta yi suna, ni kuwa ba shi ne ya kama ni ba.

Abin da ya kama ni shi ne yadda take aikin. Tun daga 1983 ta riƙa zuwa yankin Balbi, can gabas kusa da iyakar Rasha, inda mahaifiyarta ta fito, tana ɗaukar hotunan manoma da tsofaffi da yara a cikin ɗakunansu. Shekara fiye da goma tana komawa wurin mutanen nan. Kyamararta tsohuwar Rolleiflex ce, irin wadda ake leƙawa ta sama, don haka mai ɗauka sai ya sunkuyar da kai, fuskarsa kuma ba ta ɓuya a bayan na'ura. Fim guda hoto 12 kacal yake ɗauka. Ba ta kunna fitila. Hasken taga take jira. A ɗaki mai duhu-duhu kuwa dole a kafa kyamara a kan ƙafafunta, wanda ake ɗauka ya natsu, ya daina motsi na ɗan lokaci. Ka ga ke nan irin wannan hoto ba ya satuwa. Sai mai shi ya yarda, ya zaɓi inda zai zauna, ya dube ka ido cikin ido. Shi ya sa ko talaucin ɗakin ya fito fili, mutumin da ke cikinsa ba ya kama da abin tausayi. Kama yake da mai gida da ya yi baƙo.

Ban ce babu abin tuhuma ba. Tambayar da ta dame ni ita ce: tsohuwar da ta zauna bakin gadonta a Balbi, ta san cewa wata rana masu kuɗin Turai za su tsaya suna kallon bangon ɗakinta a Benis? Yardar da ta bayar ta kai har can? Wanda ya ci ribar suna dai mai kyamara ce. Abin da ya sassauta mini hukunci shi ne Ruka ba ta zo daga sama ta leƙa ta wuce ba. Tana komawa, tana sauraro, a wasu ayyukanta ma tana rubuta labarin mutum da hannunta a ƙarƙashin hotonsa. Kuma ita kanta da guminta take ci kamar su. Duk da haka tambayar ba ta mutu ba, kuma na fi son a bar ta a raye.

Ta taɓa ni ne don na tuna laifina. Shekarun baya na ɗauki hoton wani dattijo mai bara a bakin tasha da wayata, daga cikin mota, na sa a Facebook da 'yan kalmomin tausayi. Jama'a suka yi ta yabo. Ko sallama ban yi masa ba, balle in san sunansa.

Daga baya Ruka ta mai da hankali kan wani tsohon gidan haya guda a Riga, mai lamba 5a a titin Amaliya. Shekaru ta yi tana zirga-zirga a can, tana shiga ɗaki-ɗaki, kuma sunan titin da lambar gidan ta laƙaba wa aikin.