Robert Badinter: Lauyan da ya raba Faransa da hukuncin kisa

A ranar 9 ga Fabrairun 1943, jami'an Nazi ƙarƙashin Klaus Barbie suka kama Simon Badinter a birnin Lyon, aka kai shi sansanin Sobibor inda aka hallaka shi. Ɗansa Robert yana da shekara 14 a lokacin.

Yaron ya zama lauya a Paris, ya koyar da shari'a a Jami'ar Sorbonne. A 1972 aka fille kan Roger Bontems, wanda yake karewa, duk da kotu ta amince bai yi kisa da hannunsa ba. Tun daga nan Badinter ya ɗaura ɗamarar yaƙi da hukuncin kisa. Da ya zama ministan shari'a a 1981, ya shawo kan majalisa ta soke shi, alhali akasarin Faransawa na goyon bayan hukuncin.

Jarrabawar aƙidarsa ta zo a 1987, lokacin da aka gurfanar da Barbie a Lyon. Ɗaurin rai da rai aka yanke masa, domin dokar Badinter ta hana a kashe ko da mutumin da ya maishe shi maraya.

A Najeriya, dubban fursunoni na jiran kisa, gwamnoni kuma na ɗari-ɗarin sa hannu. Darasin Badinter, wanda ya rasu a 2024, shi ne shugabanni su fito fili su ɗauki matsayi, maimakon barin mutane shekaru tsakanin rai da mutuwa.