An Gyara Ginin Asibiti, Wa Zai Kwana a Ciki?

A watan Disamba na 2023 gwamnatin tarayya da gwamnonin jihohi suka sa hannu a kan yarjejeniyar sabunta harkar lafiya a Nijeriya. Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya bayyana manyan alkawura biyu da suka shafi talaka kai tsaye: za a ƙara yawan ƙananan asibitocin da ke aiki sosai daga kimanin 8,800 zuwa sama da 17,000 kafin ƙarshen 2027, kuma za a sake horar da ma'aikatan lafiya 120,000. Mun yi murna da wannan, muna kuma addu'a Allah ya sa a cika. Amma 'yan'uwa, tambayar da ke gabanmu ita ce: in mace ta fara naƙuda da ƙarfe biyu na dare a ƙauye, wa za ta tarar a cikin wannan gini mai sabon fenti?

Akasarin mutanenmu ba likita suke gani ba. Wanda suke gani shi ne malamin asibiti, wato ma'aikacin lafiyar al'umma da ake kira CHEW, wanda ya yi shekara uku a makarantar koyon aikin lafiya, ko ƙaraminsa da ya yi shekara biyu. Shi ne mai awon ciki, shi ne mai allurar rigakafi, shi ne mai gwajin zazzaɓin cizon sauro. An tsara aikinsa ne domin ya riƙa shiga gari yana koyar da tsabta da rigakafi, amma rashin ma'aikata ya ɗaure shi a ɗaki ɗaya. A 2014 gwamnati ta fito da tsarin miƙa wa irin waɗannan ma'aikata wasu ayyukan ungozoma da nas, bayan an ba su ƙarin horo. Dabara ce mai kyau, ta kuma ceci rayuka. Sai dai kwas na mako guda ko biyu ba ya mayar da mutum ungozoma, balle in babu wani babba da zai riƙa zuwa yana duba aikinsa.

Ga inda gizo ke saƙa. Horarwa daban, ɗauka aiki daban. Makarantun koyon aikin lafiya suna yaye ɗalibai kowace shekara, an ma ƙara yawan waɗanda ake ɗauka a makarantun likitoci da na jinya. Duk da haka mun san 'ya'yanmu da yawa da ke riƙe da takardar shaida suna zaune a gida, ko suna tsaron kemis, ko suna aikin sa kai a asibitin gwamnati shekara da shekaru ba albashi, da fatan wata rana za a sa sunansu. Ana nan tsofaffin ma'aikata suna ritaya ba a maye gurbinsu. Waɗanda suka ƙware kuma suna tafiya: a 2024 hukumar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ta ce sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. In nas ta bar babban asibiti zuwa Ingila ko Saudiyya, daga ƙaramin asibiti ake ɗauko wadda za ta zauna a kujerarta. Ƙauye ne ke biyan bashin.

Maganar kuɗi fa? Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ake zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. A cikinsa kashi 10 cikin 100 ne kawai dokar ta keɓe don ma'aikata. Albashi kuwa nauyin jihohi da ƙananan hukumomi ne. Ko Abuja ta gyara rufi ta kawo sola, in jiha ba ta ɗauki ungozoma ba, asibitin zai rufe da la'asar. Hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara sa wannan tambaya ta yi nauyi, domin dole a san wanda za a kama da laifi in albashi ya makale. Mun ga irin wannan da shirin tura ungozomomi ƙauyuka na 2009: ya fara da ƙarfi, amma da alawus ya riƙa yankewa kuma ba wurin kwana mai kyau, da dama suka tattara kayansu.

Ikkilisiya ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun 1922 aka kafa asibitin Vom. A shekarun 1970 shirin lafiya na Lardin Gabas a Garkida ya nuna wata hanya: ƙauye ne ke zaɓen mutanensa, a horar da su 'yan watanni, su dawo suna koyar da lafiya ta hanyar labarai, ƙauyen kuma ya ɗauki nauyinsu. Asirin shirin shi ne ɗan gari ba ya gudun garinsu. Har yau wannan darasi yana da amfani, musamman a wuraren da rashin tsaro ya sa baƙon ma'aikaci ba ya yarda ya kwana. Yarinyar da ta tashi a ƙauyen, tana jin harshen mutanen, iyayenta suna nan, ita ce za ta zauna.

A misalin Basamariye mai tausayi a Luka 10 akwai abin da ba mu cika lura da shi ba. Bayan ya ɗaure wa mutumin raunukansa, ya ba mai masauki dinari biyu domin ya ci gaba da jinya, ya kuma yi alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Ya san jinya aiki ce mai cin kuɗi da lokaci. Wasiƙar Yaƙub kuma ta yi kashedi mai zafi a kan danne hakkin ma'aikaci. Wannan ma'auni ya hau kan gwamna da shugaban ƙaramar hukuma, ya kuma hau kan kowane asibitin ikkilisiya. Kiran Allah ba dalili ba ne na barin ma'aikaciya wata uku ba albashi.

Akwai abin da za mu iya tun yanzu. Kowace majami'a, ko gundumar ikkilisiya, tana iya ɗaukar nauyin karatun yarinya ɗaya a makarantar ungozoma, da yarjejeniyar za ta dawo ta yi wa garinsu aiki na wasu shekaru. Zumuntar mata tana iya gyara ɗaki kusa da asibiti domin ma'aikaciya ta samu wurin kwana. Sannan tsarin gwamnati ya tanadi kwamitin ci gaban mazaɓa da ke sa ido a kan ƙaramin asibiti. Dattawanmu su shiga, tare da maƙwabtanmu Musulmi, domin asibitin namu ne duka. In an zauna, a nemi ganin jerin sunayen ma'aikata, a san nawa ne ke karɓar albashi, nawa ne 'yan sa kai, da kuma wanda ke aikin dare a wannan mako.